Furojet na rukuni a aji huɗu: yaya ake raba aiki kada ya watse kafin difens?

Nafisa Tudun Wada:
Assalamu alaikum malamai da yayyenmu. Mu 5 aka haɗa a rukunin furojet na aji huɗu, sashen kimiyyar kwamfuta. Sufabaiza ya amince da batunmu: manhajar da uwar adashe za ta riƙa ajiye lissafin zubi da kwasa a ciki maimakon littafi. Saura kusan mako 20 a yi difens, wato kare aikin a gaban malamai. 'Yan rukuni sun ce tunda babi 5 ne, mu ma 5 ne, kowa ya ɗauki babi ɗaya, sannan mutum biyun da suka fi hannu a kodin su rubuta manhajar. Wannan rabon zai fisshe mu kuwa? Kuma da me ya kamata mu fara?

Malam Bashir:
Wa alaikumus salam, Nafisa. Batun yana da kyau, Allah ya sa albarka. Amma rabon babi-babi ku ajiye shi tun yau.

Babobin nan nauyinsu ba ɗaya ba ne, kuma ba a lokaci guda ake rubuta su ba. Babi na 3 zanen abin da za a gina ne: teburan rumbun bayanai, hanyar da mai amfani zai bi, wa ke da izinin ganin me. Babi na 4 rahoton abin da aka gina ne da yadda aka gwada shi. In wanda ya rubuta na 3 bai sa hannu a kod ba, zai zana tebur 12 a takarda, masu kodin su gina 7 da wasu sunaye daban. Mai jarrabawa na waje kuwa ya san wannan sarai. Zai buɗe zanen babi na 3, ya ce a buɗe masa rumbun bayanai a kwamfuta, ya jera su gefe da gefe. Wanda aka ba babi na 5 shi kuma zai yi wata huɗu ba abin yi, sannan a ce ya taƙaita aikin da bai san cikinsa ba.

Ku tuna kuma, aikin na rukuni ne amma ranar difens kowa ake tayarwa shi kaɗai. Ba wanda zai amsa wa wani.

Makon farko kada ku buɗe kwamfuta. Ku nemi uwar adashe 2 ko 3, a Kasuwar Bacci ko Kasuwar Kawo ko cikin matan unguwarku, ku roƙi su nuna muku yadda suke rubutu a littafi.

Anti Hauwa:
Ƙanwata, ki riƙe maganar Malam ta ƙarshe da kyau, don a nan ne furojet ɗinku zai bambanta da na waɗanda suka kwafo daga intanet. In kun je, ga abin da za ku tambaya, kuma ku rubuta amsar da kalmominsu.

Mutum ɗaya yana shiga hannu biyu? Mutum biyu suna haɗa hannu ɗaya, kowa rabi? Yaya ake fitar da layin kwasa, ƙuri'a ce ko uwa ce ke tsarawa? In wata tana da biki ko haihuwa ta nemi musayar layi, wa ke amincewa? In mutum ya kwasa sannan ya daina zubi, wa ke cikewa? Uwa tana cire ladanta, kuma daga ina take cirewa? Ana karɓar zubi guntu-guntu, a kawo dubu uku yau, dubu biyu jibi?

Kowace amsa a nan tana canza tebur a rumbun bayanai. In ba ku tambaya yanzu ba, a mako na 14 za ku gano, lokacin da canzawa ke nufin rushe rabin aikin.

Sannan kada ku ɗauki hoton littafin da sunayen mutane da lambobinsu a ciki. Ku kwafi tsarin shafin kawai.

Auwal Rigasa:
Bari in nuna yadda tambayar Anti ta farko kaɗai ke karya zane. Ɗalibi zai yi tebur na mambobi, ya yi tebur na zubi, ya haɗa zubi da mamba kai tsaye. Ranar da Hajiya mai hannu biyu ta zo, sai dai a yi mata rajista sau biyu. Gyaran shi ne a sa tebur na hannu a tsakiya:

ƙungiya: suna, kuɗin zubi, kullum ko mako ko wata
mamba: suna, lambar waya
hannu: na wace ƙungiya, lambar layin kwasa
mai_hannu: wane mamba, wane hannu, kaso nawa
zagaye: lamba, ranar farawa, ranar rufewa
zubi: wane hannu, wane mamba, wane zagaye, nawa, wa ya shigar, yaushe
kwasa: wane hannu, wane zagaye, nawa aka bayar, nawa aka cire

Tebur 7 ke nan, sai na masu shiga manhaja, 8. Sun isa. Amma sunayen tebur a cikin kod ku rubuta su da ƙananan baƙaƙe zalla, ba ƙugiya, ba tazara.

Abu uku da za su cije ku in ba ku kula ba. Kuɗi kada a ajiye shi a FLOAT, wato nau'in lamba mai ɗigo, don a kwamfuta 0.1 da 0.2 ba sa ba da 0.3 cif. Ku ajiye da kwabo a matsayin cikakkiyar lamba, N5,000 ya zama 500000. In mutum 3 suka haɗa hannu aka kwasa N50,000, kowa zai samu kwabo 1666666, ragowar kwabo 2, sai ku rubuta doka kan wanda zai ɗauka. Lambar waya kada a sa ta a INT, wato nau'in cikakkiyar lamba, sifilin farko zai faɗi, lamba 11 ta koma 10. VARCHAR, nau'in rubutu, za ku yi amfani da shi, kuma ku mayar da kowace lamba siga ɗaya mai fara da 234 kafin ajiyewa, in ba haka ba mutum ɗaya zai shiga sau biyu. Na uku, rumbun ya zama utf8mb4, tsarin haruffa mai ɗaukar ƙugiya, tun ranar da aka ƙirƙire shi. A tsarin latin1 sunan da ke da ɗ ko ƙ alamar tambaya yake komawa.

Nafisa Tudun Wada:
Na gode Yaya Auwal. To in ba babi-babi ba, yaya za a raba?

Auwal Rigasa:
A raba da ayyukan da manhaja ke yi. Kowa ya ɗauki aiki ɗaya ya bi shi tun daga shafin da ake gani har tebur, har gwajinsa, har shafukansa a babi na 3 da na 4. Mutum ɗaya shiga da izini. Ɗaya ƙungiya, mambobi da hannu. Ɗaya zagaye da zubi. Ɗaya layin kwasa da musayarsa. Ɗaya rahoto da saƙon tunatarwa. Haka kowa zai taɓa komai, kuma in an tayar da shi yana da abin nunawa.

Danladi Kakuri:
Auwal, a nan ban bi ka ba. Abin da ka faɗa daidai ne in mutum 5 ɗin duk sun iya. Nafisa ta ce biyu ne ke da hannu. Ka ba wanda bai taɓa haɗa shafi da rumbun bayanai ba aikin zubi, wanda shi ne zuciyar manhajar, mako 6 zai yi yana fama, kuma rahoto da kwasa duk suna jiransa. Ayyukan da ka lissafa a jere suke, ɗaya kan ɗaya. Mai rahoto me zai nuna kafin a samu zubi?

Ni a ganina masu hannun nan biyu su riƙe ɓangaren saba (kwamfutar da manhajar ke zaune a kanta) da rumbun bayanai, biyu su yi shafuka, ɗaya ya riƙe gwaji da rubutu. A rubuta yarjejeniya tun farko: wannan adireshi yana karɓar kaza, yana mayar da kaza. Kowa ya yi nasa.

Auwal Rigasa:
Rabonka shi ne ke kai mutane ga haɗa aiki a mako na 17. Masu shafuka sun gina da bayanan bogi, masu saba sun canza sunan fili uku ba su faɗa ba, ranar haɗawa ba abin da ya shiga cikin wani. Kuma mai "gwaji da rubutu" shi ne wanda zai yi shiru a gaban malamai. Batun jira kuma yana da magani: a rubuta fayil mai cika rumbun da bayanan gwaji, ƙungiya 3, mamba 30, zubi na zagaye 10. Mai rahoto ya fara aiki tun mako na 5.

Malam Bashir:
Kowannenku ya riƙe gefe ɗaya na gaskiya. Danladi ya yi daidai cewa ba a ɗora wa mai rauni aikin da kowa ke jira. Auwal ya yi daidai cewa jinkirta haɗawa shi ke kashe aiki. Ga yadda za a yi.

Mako na 3 da na 4, duk ku 5 ku zauna gaban kwamfuta ɗaya, mai hannu yana bugawa yana bayani, ku gina siririn zare guda daga farko har ƙarshe: uwa ta shiga, ta ƙara mamba ɗaya, ta shigar da zubi ɗaya, ta ga jimilla. Ba ado, ba launi. Wannan shi ne samfurin da kowa zai kwaikwaya. Bayan nan a raba kamar yadda Auwal ya ce, amma zubi da kwasa su tafi hannun masu ƙarfi biyun, kowannensu kuma ya zama mai duba aikin mutum ɗaya ko biyu daga cikin sauran. Babi na 1 da na 2 a raba su: kowa ya karanta maƙala 4 ko 5 da suka shafi ɓangarensa, mutum ɗaya ya daidaita harshen.

Lissafin makonni kuwa, in 20 ne: 1 da 2 kasuwa da rubuta buƙatu. 3 da 4 zane da zaren farko. 5 zuwa 12 gini. 13 da 14 gwaji da masu adashe na gaske. 15 da 16 gyara. Daga 17 ba a ƙara sabon abu, sai rubutu, gyaran sufabaiza, ɗaurin littafi da atisayen difens. Ku ɗauka jarrabawa da gwaje-gwajen sauran kwasa-kwasai za su cinye muku aƙalla mako 2 a ciki.

Danladi Kakuri:
Na yarda da wannan, Malam. Sharaɗina ɗaya: kowace Juma'a abin da ke babban reshe, wato kwafin kod ɗin da kowa ke haɗa nasa a ciki, ya tashi a kwamfutar wani ba ta wanda ya rubuta ba. In bai tashi ba, makon bai ƙare ba.

Mubarak U/Rimi:
Malamai, ina bin maganar. Ni tambayata, me ya sa ba za su yi ta waya da Flutter, kayan gina manhajar waya, ba? Yanzu wa ke buɗe shafin intanet? Kuma ai zai fi burge malamai in mambobi suna biya ta cikin manhajar.

Auwal Rigasa:
Mubarak, Flutter na nufin aiki biyu, manhajar waya da sabar da za ta yi magana da ita. Android Studio da wayar gwaji ta cikin kwamfuta suna son RAM aƙalla 8GB, a kwamfuta mai 4GB wahala ce zalla. Ga tarkunansa: wayar gwajin ba ta ganin localhost, wato sabar da ke kan kwamfutar kanta, sai ta 10.0.2.2, kuma tun daga Android 9 ana toshe http marar tsaro sai ka buɗe shi da kanka. In rukuni ya riga ya iya, bismillah. In za a koya ne a cikin mako 20, a yi shafin intanet mai dacewa da fuskar waya da Laravel ko Django, kayan gina shafin intanet, wanda mafi yawansu suka fi sani. Ba a ba da maki don sabon yayi.

Batun biya kuwa, manhajar ɗalibai kada ta riƙe kuɗin mutane. Karɓar ajiyar jama'a aiki ne mai buƙatar lasisin Babban Bankin Najeriya. Ku rubuta a iyakokin aiki a babi na 1 cewa manhajar lissafi kawai take ajiyewa. In sufabaiza ya nace sai ya ga biya, kamfanonin karɓar biya Paystack da Flutterwave suna da yanayin gwaji da katunan bogi. Paystack da kwabo yake karɓar adadi, wanda ya tura 5000 naira 50 ya caja. Kuma kada a yarda da saƙon "an biya" da ya dawo daga burauza, saba ce za ta sake tambayar Paystack ta tabbatar.

Anti Hauwa:
Ƙari a kan wannan, Mubarak, ka duba wa zai riƙe manhajar. Da yawa cikin masu zubi ƙaramar waya ce a hannunsu. Uwa ce mai babbar waya, su kuma saƙon tes zai isar musu: "An karɓi zubinki na mako na 4."

Saƙon tes yana da nasa ƙa'ida. Shafi ɗaya harafi 160 ne in baƙaƙen boko na gama-gari ne. Da zarar an sa ƙ ko ɗ ko ɓ, ko alamar naira mai layi biyu, saƙon ya koma wani tsari mai harafi 70 kacal, kuɗin ya ninka. Don haka a cikin manhaja ku rubuta Hausa da ƙugiyarta, a tes kuma ku cire ƙugiya, ku sa N a gaban kuɗi. Sannan layin da mai shi ya tura STOP zuwa 2442 ba ya karɓar saƙon talla, sai ta hanyar da kamfanin tura saƙo ya ware wa sanarwa. In kun gwada da wayoyinku wasu suka samu wasu ba su samu ba, ku fara duba nan kafin ku zargi kod. Kamfanin tura saƙo na Africa's Talking suna da wurin gwaji kyauta, ya ishe ku har kusan ƙarshe.

Nafisa Tudun Wada:
Anti, wallahi wannan ba mu taɓa tunaninsa ba. Wata tambayar: wasu cikinmu sun ce a riƙa tura fayilolin ta WhatsApp ko filasha, wai Git, manhajar da ke ajiye tarihin kod tana haɗa aikin mutane da yawa, yana da wuya.

Danladi Kakuri:
Nafisa, wannan kam ba abin muhawara ba ne. Mutum 5 hanyar sadarwa 10 ce a tsakaninsu, in 8 ne 28. Fayil yana yawo a hanya 10, cikin mako biyu ba wanda zai san wanne ne na ƙarshe. Abin da kuke buƙata a Git bai wuce umarni 7 ba: clone, pull, checkout, add, commit, push, merge. Yini ɗaya ya isa a koya.

Ku buɗe ma'ajiya ta sirri a GitHub, kyauta ce. Kowa da asusunsa, kada mutum ɗaya ya riƙa turawa a madadin kowa, don tarihin nan shi ne shaidarku. Umarnin git shortlog -sn yana nuna wa ya yi commit sau nawa. Ba a rubutu kai tsaye a babban reshe. Kowane aiki da reshensa, kuma reshe kada ya wuce kwana 3 ko 4 ba a haɗe shi ba, don tsawon zamansa shi ke jawo karo. Kafin a haɗe, wani ya karanta. In kuka yi rajistar GitHub Student Developer Pack da shaidar ɗalibta za ku samu damar kulle babban reshe ko da ma'ajiyar ta sirri ce.

Fayil ɗin .gitignore, mai lissafa abin da Git ba zai ɗauka ba, shi ne na farko da za a rubuta: .env (inda kalmar sirri da makullai suke), vendor, node_modules. Wanda ya tura .env sau ɗaya, goge shi daga baya bai wadatar ba, yana nan cikin tarihi, sai an canza kalmar sirri da makullan da ke ciki. GitHub ba ya karɓar fayil da ya wuce 100MB, bidiyo da hotuna masu nauyi a kai su Google Drive.

Canjin tebur kuma kada kowa ya shiga phpMyAdmin, shafin sarrafa rumbun bayanai, ya yi da hannu. A rubuta shi a fayil ɗin ƙaurar tebur na Laravel ko Django, ya bi Git kamar sauran kod. Kuma ku daidaita siga: Laravel 11 sai PHP 8.2 ko sama, mai tsohon XAMPP (kunshin da ke ɗauke da PHP) zai ga kuskure ya ɗauka kod ne ya lalace.

Auwal Rigasa:
Ƙari ɗaya. Windows ba ya bambanta babban harafi da ƙarami a sunan fayil, Linux yana bambantawa. Hoton da aka ajiye Logo.png aka kira shi logo.png zai fito a kwamfutarku, ya ɓace ranar da aka ɗora a saba. Shi ya sa a ɗora zaren farko a intanet tun mako na 5. Cikin masu ba da wurin ɗora manhaja, Heroku sun daina na kyauta tun Nuwamba 2022, tsofaffin bidiyon koyarwa kada su ruɗe ku. Render suna da na kyauta amma yana barci bayan minti 15 ba a taɓa shi ba, tashinsa na ɗaukar lokaci. Agogon saba kuma yawanci UTC ne, wato agogon duniya na bai ɗaya, mu muna gaba da awa 1. Zubin da aka shigar 12:30 na dare zai faɗa jiya in ba a saita Africa/Lagos ba.

Anti Hauwa:
Bari in dawo kan gwaji, don shi ake bari sai daren ƙarshe a cika tebur da "ya yi, ya yi, ya yi". Teburin gwajin da ba gwaji ko ɗaya da ya faɗi, duk mai karatu ya san ba a yi shi ba. Ku rubuta wanda ya faɗi, dalilin faɗuwarsa, da gyaran da aka yi.

Gwaje-gwajen da suka fi muhimmanci a adashe su ne na ɓarna. Intanet ya yi nauyi, uwa ta danna "ajiye" sau biyu: zubi ɗaya ya shiga ko biyu? Kashe maɓalli bayan dannawa bai isa ba. Kowane fom ya zo da lambarsa ta daban, rumbun ya ƙi karɓar lamba ɗaya sau biyu. Wuta ta ɗauke tsakanin rubuta kwasa da rufe zagaye: dole ayyukan biyu su zama dunƙule guda, ko duka su shiga ko duka su fasa. Uwar wata ƙungiya ta canza lamba 7 zuwa 8 a adireshin shafi: tana ganin littafin wata? Wannan shi ne ramin da ya fi yawa a furojet ɗin ɗalibai, an duba ko mutum ya shiga amma ba a duba ko kayan nasa ne ba. A sa sunan da ke da alamar ɗauri, kamar Sa'adatu ko Mu'azu: in shafin ya fashe, kuna liƙa rubutun mai amfani kai tsaye cikin SQL, harshen da ake ba rumbun umarni da shi, kuma ƙofar da ɓarawo zai bi ke nan. Kalmar sirri a buɗe tebur a gani: in ana iya karanta ta, a koma ga password_hash ko abin da Laravel da Django suka tanada. Tsohuwar hanyar MD5 ba ta cikin lissafi.

Sannan zubi ba a goge shi. In an yi kuskure a shigar da layin soke, da sunan wanda ya soke da dalili. Adashe a kan amana yake tafiya, manhajar da uwa za ta iya share layi ba alama ta fi littafi haɗari.

Gwaji da mutane kuwa, ku ba uwar adashe waya, ku ce ta shigar da zubin mutum 3, ku yi shiru ku kalli inda take tsayawa. Mutum 5 zuwa 8 sun isa su fito da manyan matsaloli. In kuna son adadi na babi na 4, akwai ma'aunin sauƙin amfani da manhaja, SUS, mai tambaya 10, kowace ana amsa ta da 1 zuwa 5. A tambayoyi masu lamba mara, a cire 1 daga amsar. A masu lamba cika, a cire amsar daga 5. A tara, a ninka da 2.5. Makin 68 shi ake ɗauka matsakaici, kuma ba kaso cikin ɗari ba ne, kada ku rubuta shi haka.

Malam Bashir:
Tunda za a taɓa mutane na gaske, akwai Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023. A aikace: ku faɗa musu me za ku yi da bayanin, ku nemi yardarsu, kada ku karɓi abin da ba ku buƙata. BVN da NIN ba su da hurumi a wannan aiki. Hotunan da za ku sa a babi na 4 da abin da za ku haska ranar difens duk su zama na bayanan gwaji.

Mubarak U/Rimi:
Malam, in an ƙara fasahar hasashe fa, ta gano wanda zai iya gudu bayan ya kwasa? Kuma ChatGPT, ya halatta a yi amfani da shi?

Malam Bashir:
Hasashe yana son bayanan tarihi masu yawa, su kuma ba su da su. In aka ƙirƙiri bayanai aka koyar da na'ura a kansu, abin da aka ƙirƙira shi za ta maimaita. Ka lura kuma: in mutum 5 cikin 100 ne ke gudu, na'urar da ke cewa "ba zai gudu ba" ga kowa ta ci 95 cikin 100 alhali ba ta kama ko ɗaya ba. Ƙidaya mai sauƙi ta fi amfani, sau nawa mutum ya yi latti a zagaye 10 na baya. Hasashen a sa shi a shawarwarin babi na 5.

ChatGPT kuwa, ku tambayi sufabaiza ƙa'idar sashenku, ku bi ta. Ko an yarda, doka biyu. Ba a haɗe kod ɗin da wanda ya kawo shi ba zai iya bayanin kowane layi ba. Kuma ba a karɓar manazarta daga gare shi, don yana iya ƙirƙiro sunan marubuci da mujalla da shekara waɗanda babu su. Duk maƙalar da za ta shiga babi na 2 sai wani cikinku ya buɗe ta ya karanta. Ku zuba su a manhajar tara manazarta, Zotero ko Mendeley, tun yanzu.

Nafisa Tudun Wada:
Malam, a yi haƙuri, tambaya mai ɗan nauyi. In wani ya ƙi aiki fa?

Malam Bashir:
A fara gano dalili, don iri uku ne. Akwai wanda bai iya ba yana jin kunyar faɗa, shi a zaunar da shi kusa da mai hannu awa 2 sau biyu a mako. Akwai wanda ba shi da kwamfuta ko kuɗin data, ko yana fita nema bayan lacca, shi a tsara masa lokacin aron kwamfuta, kuma Git yana aiki ba intanet sai wajen turawa. Akwai wanda ya zaɓi ya kwanta a kan wasu. Na ukun ne kaɗai ake kai wa sufabaiza.

Abin da ke raba gardama shi ne rubutu. Taron minti 20 kowane mako, a rubuta layi 3 ga kowa: abin da ya ɗauka, ranar kawowa, ya kawo ko bai kawo ba. Aiki kada ya fi na kwana 3 girma. "Ka yi rahoto" ba aiki ba ne, "shafin da ke nuna waɗanda ba su zuba ba a wannan zagaye, zuwa Laraba" shi ne aiki. In ya saɓa sau biyu a yi masa magana a keɓe, cikin mutunci. In ya saɓa na uku a je wurin sufabaiza tare da shi, da takardar a hannu. A mako na 7 ana iya gyara wannan, a mako na 18 ba abin da malami zai iya yi. Kuɗin bugawa da ɗauri da saƙon tes ma a yanka wa kowa tun farko, a ba mutum ɗaya ya riƙe da lissafi.

Danladi Kakuri:
Ranar difens kuma ku ɗauka ba wuta, ba intanet. Manhajar ta tashi a kwamfutar kanta. Ku kashe data ku gwada tun saura mako ɗaya: in Bootstrap, kayan ƙawata shafi, ko rubutun ado daga intanet ake jawo su, shafin zai fito tsirara, sai a sauke su a sa cikin aikin. Kwamfuta 2 da caji cike, kowace da aikin a kanta. Na'urar haɗa HDMI da VGA a jaka, don majigi da yawa tsofaffi ne. Bidiyo na minti 4 da ke nuna manhajar tana aiki, a filasha da kuma waya. A sa wa sigar ƙarshe alama da git tag, daga nan ba mai taɓa kod, ko da gyaran harafi ɗaya ne.

Auwal Rigasa:
Kuma fayil ɗin cika bayanan gwaji ya zama umarni ɗaya ne ke mayar da komai yadda yake, don in malami ya shigar da shirme yana gwadawa ku iya dawowa cikin daƙiƙa 10.

Anti Hauwa:
A atisaye ku yi musaya: mai zubi ya yi bayanin kwasa, mai rahoto ya yi bayanin shiga da izini. Tambayoyin da za ku ji ba sa wuce irin waɗannan: nuna min inda wannan maɓalli ke rubutu a tebur, me ya sa kuka raba hannu da mamba, me manhajarku ke yi wanda Excel ba ya yi, me zai faru in wayar uwa ta ɓace. Ta ƙarshen nan ku shirya mata amsa ta gaske, wato ajiyar kwafin rumbun kullum da hanyar canza kalmar sirri.

Nafisa Tudun Wada:
Allah ya saka da alheri, malamai. Asabar za mu shiga Kasuwar Bacci da tambayoyin Anti Hauwa. Yaya Auwal, in mun zana teburan zan turo hotonsu nan ka duba mana.

Auwal Rigasa:
Ki turo, tare da kwafin tsarin shafi ɗaya na littafin, ba sunaye. Ki tambaye su kuma ko kuɗin zubi yana canzawa a tsakiyar tafiya. In yana canzawa, adadin zai tashi daga teburin ƙungiya ya koma teburin zagaye, in ba haka ba ranar da aka ƙara kuɗi duk tsohon lissafi zai nuna bashi.